Layin da ya mutu bai daina cin kuɗi ba: kira ga hukumar sadarwa ta NCA da masu wayar girke a Kumasi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon fili a jaridarka mai albarka domin mu taɓo abin da mutane da yawa ke ɗauka ya zama tarihi, wato wayar girke, tarhon nan mai zama a kan tebur. Gaskiya ne wayar hannu ta kore ta daga gidaje. Amma wanda ya leƙa kemis a Aboabo, ko ƙaramin asibiti a Asawase, ko gidan canji a Adum, ko ofishin masu shirya tafiyar Umara, zai same ta a gefen kanta, wani lokaci ƙura ta rufe ta, wani lokaci an ɗora mata littafin bashi a ka. Wasu sun riƙe ta ne saboda banki da ofisoshin gwamnati sun fi sakin jiki da kasuwancin da ke da lamba mai farawa da 032. Wasu kuwa intanet ɗin da ke biyo layin suke so, tarhon ƙari ne kawai aka yi musu a kai.

Maganarmu ɗaya ce. Layin girke ba ya daina cin kuɗi don ya mutu, ba ya kuma daina ci don an daina taɓa shi. Takarda ce kaɗai ke tsayar da shi. Kuma a yadda ake tafiya yanzu, idan an samu saɓani a kan bil, mai layi ne ake sa ran ya kawo hujja, alhali duk bayanan suna cikin kwamfutar kamfani.

Mu fara da dalilin da ya sa tsohon bashin tarho ke da wuyar warwarewa a ƙasar nan. Layin da wani Alhaji ya ja a shagonsa na Alabar a ƙarshen shekarun 1990 ya sha sauyi fiye da mai shi. A 1995 aka raba tsohuwar hukumar gidan waya da tarho, Ghana Telecom ya tsaya da ƙafarsa. A 2007 aka sake sidi, dubu goma na da ya koma sidi ɗaya. A 2008 Vodafone ya sayi kashi 70 cikin ɗari na kamfanin a kan dala miliyan 900. A 2010 aka sake lambobin ƙasar baki ɗaya: 051 ta Kumasi ta koma 03220, 021 ta Akra, wadda mu 'yan zango muke ce wa Ankara, ta koma 0302. Har yau akan ci karo da tsohon allon shago mai ɗauke da 051 da fenti ya dushe. A 2023 kuma Telecel ya karɓi kason Vodafone. Kowane irin wannan sauyi, a kowace ƙasa, yana nufin kwashe bayanan masu layi daga wannan tsari zuwa wancan. Don haka idan aka miƙo wa mutum adadi guda aka ce ragowar bashi ne daga baya, bai yi rashin kunya ba in ya ce a nuna masa wata-wata: wane wata, nawa, a kan wace lamba.

Shi bil ɗin kansa ba abu ɗaya ba ne. Akwai kuɗin hayar layi, wanda ke shiga kowane wata ko an ɗaga tarho ko ba a ɗaga ba. Akwai kuɗin kiran da aka yi. Akwai na intanet in layin yana ɗauke da shi, sai ragowar watan baya, sai haraji. Abin da ke ruɗa mutane shi ne, galibi haya da kuɗin intanet na watan da za a shiga ake caja, kuɗin kira kuwa na watan da ya wuce. Shi ya sa bil na farko yakan yi kamar an ninka shi: kwanakin da suka rage a watan da aka ja layi, da cikakken wata mai zuwa, da kuɗin jan layin, duk a takarda ɗaya. Wannan ba cuta ba ce. Amma a duba ranar da aka fara ƙirga. Ya kamata ta zama ranar da layi ya fara aiki, ba ranar da aka cike fom aka biya ba, domin tsakanin biyun ana iya samun makonni.

Haraji kuwa sai an zauna da biro. Harajin sadarwa, wanda jama'a suka laƙaba wa harajin magana, ya fara a 2008 da kashi 6 cikin ɗari, ya hau zuwa 9 a watan Oktoban 2019, ya sauko zuwa 5 a watan Satumban 2020. Ban da shi akwai na inshorar lafiya 2.5 da na asusun ilimi na GETFund 2.5, a 2021 aka ƙaro na korona kashi 1, a 2023 kuma harajin saye da sayarwa, wato VAT, ya tashi daga 12.5 zuwa 15. Daga 2023 zuwa 2025 lissafin hawa biyu ne: a kan aikin sidi 100 za a fara ɗora sidi 6 na ƙananan harajin nan uku, sannan a cire VAT daga 106 ɗin, ya ba da 15.90. Jimla 121.90, ba a ma sa harajin sadarwa ba tukuna. Daga farkon 2026 an soke na korona, an kuma sauya yadda ake ɗora VAT, 21.9 ɗin nan ya koma 20. Amfanin sanin wannan biyu ne. Duk bil na bayan sokewar da ke nuna harajin korona abin tambaya ne. Sannan bashin da ya ratsa shekaru da yawa, kowane wata da harajin zamaninsa za a lissafa shi, ba a kwaso na wata shekara a shafa wa duka ba.

Sai yadda ake ƙirga kira. Mutane sukan tambayi nawa ne minti, su manta da tambayar da ta fi ta nauyi: da daƙiƙa ake ƙirga ko da cikakken minti? Ɗauki mai kemis da ke kiran dillalan magani sau 40 a rana, kowane kira daƙiƙa 20: akwai kaza? babu, to sai anjima. In da daƙiƙa ne, ya ci daƙiƙa 800, wato minti 13 da daƙiƙa 20. In da cikakken minti ne, an rubuta masa minti 40. Ninki uku ke nan, kuma farashin minti da aka faɗa masa bai canza ba. Haka nan a tambayi farashin kira zuwa wata wayar girke, da zuwa wayar hannu ta kamfanin, da zuwa ta wani kamfani, domin kamfanin da kira ya sauka a kansa yana karɓar nasa kason, kuma daga aljihun mai kira yake fita. Mintocin kyauta da ke biyo wasu tsare-tsare ma a karanta sharaɗinsu, sau da yawa ba su shafi kowace lamba ba.

Yanzu ga inda muke so mu daɗe. Layin jan ƙarfe wayoyi biyu ne sirara da suka taso daga tashar haɗa kira, suka bi ƙarƙashin ƙasa cikin babban kebul mai ɗaruruwan irinsu, suka ɓullo a akwatin ƙarfe na bakin titi, daga nan zuwa ɗan akwatin da ke kan turke, sannan waya ta sauko cikin shago. Tashar ce ke turo wutar da tarho ke aiki da ita, kimanin bolt 48 daga manyan batura, shi ya sa tarho na gargajiya yake aiki ko a tsakiyar dumso, wato lokacin da ake yawan ɗauke wuta. A wannan doguwar hanya kowane mahaɗi wurin lalacewa ne. Da damina ruwa na shiga ramin kebul. In ka buɗe mahaɗin da ya sha ruwa za ka ga jan ƙarfen ya yi kore-kore kamar tsohon kwabo, yana marmashewa a yatsa. Daga nan sai ƙara a layi kamar ana soya abu, intanet ya riƙa yankewa duk sa'ad da hadari ya haɗo, a ƙarshe shiru. Ga masu tonon kwata da gyaran hanya da ke tsinke kebul, ga ɓarayin jan ƙarfe da ke yanke shi da dare don akwai masu saye.

To, kwamfutar da ke buga bil ba ta san kebul ya yanke ba. Abin da ta sani shi ne asusun yana buɗe. Sai layi ya yi kwana 12 a mace, bil ya zo cikakke. A ce haya da intanet sidi 150 ne a wata mai kwana 30, sidi 5 ke nan a rana, kwana 12 sun kama sidi 60, da harajin da aka ɗora a kansu, wanda shi ma ya kamata ya dawo. Amma daga yaushe za a ƙirga kwana 12 ɗin? Daga ranar da aka shigar da ƙorafi aka ba da lamba. Mutumin da ya tare ma'aikaci a kan titi ya ce, ɗan'uwa, layina fa ya mutu, ma'aikacin ya ce zan leƙo gobe in sha Allahu, wannan bai kai ƙara ba, gaisawa suka yi. Ranar da layi ya mutu, ranar za a kira ko a je ofis, a karɓi lambar ƙorafi, a rubuta ta tare da kwanan wata da lokaci. Akwai kuma wata al'ada da ta zama ruwan dare a aikin sadarwa ko'ina: rufe ƙorafi a kwamfuta da cewa an gyara alhali ba a gyara ba, saboda ana auna ma'aikata da saurin rufewa. In saƙo ya shigo cewa an gyara, ka ɗaga tarho ka ji shiru, ka mayar da martani a ranar, ka ce a sake buɗe tsohuwar lambar. Sabuwar lamba tana share kwanakin da suka wuce.

Kafin a ɗora wa kamfani laifi dai a yi gwaji ɗaya. A cire duk abin da ke jone, a kawo tarho mai igiya wanda ba ya buƙatar wutar gida, a jona shi a soket na farko inda waya ta shigo gini. In ya yi aiki a nan, matsalar ta cikin gida ce: ɓera ya ci waya, ko soket ya yi tsatsa, ko 'yar matatar da ke raba murya da intanet ta lalace. Wannan galibi nauyin mai gida ne, kuma ba a rage haya a kansa.

Gyaran kebul da aka sace yana haifar da wata fitinar da mutane ba su san da ita ba. Ma'aikaci zai zauna a rami ya haɗa wayoyi ɗari ko ɗari biyu, kowace da 'yar'uwarta bisa launi. In ya kuskure biyu, layinka ya tafi shagon wani, nasa ya zo naka. Tarho na aiki lafiya lau, sai dai kiran da yake yi a bil ɗinka yake sauka. Gwajinsa ba ya cin minti ɗaya: ka kira wayarka ta hannu da tarhon, ka duba lambar da ta fito. In ba taka ba ce, ka ɗauki hoton fuskar wayar da kwanan wata a jiki, wannan hujja ce da ba ta da musu. Akwai kuma masu jona waya da gangan a akwatin kan turke, musamman a gidan haya mai shaguna da yawa inda wayoyi suka cukurkuɗe. Alamarsa kira a bil da ƙarfe biyun dare, lokacin da shago ke kulle, ko ka ɗaga tarho ka ji ana hira. Kada kowa ya hau turke da kansa, wasu turakun tare suke da wayar lantarki. A sa kamfani ya turo mai dubawa, a kuma nemi ya rubuta abin da ya gani.

Ba kowane bil mai nauyi ne laifin wani ba, wannan ma sai mun faɗa. A zamanin tarho mai juyawa iyayenmu ɗan kwaɗo suke maƙalawa a ramin lamba, su sa makulli a aljihu. Yau babu inda za a maƙala kwaɗo, yaran shago kuwa ba su canza hali ba. Sai karkatar da kira: mai shago ya juya layin zuwa wayarsa ta hannu zai tafi Juma'a, ya manta bai mayar ba. Duk kiran da ya shigo, zangon da ya tashi daga tarho zuwa wayar hannu shi ake caja, wato yana biyan kuɗi don ya amsa kiran da wani ya yi masa. Tsohuwar na'urar fakis, ko ƙararrawar tsaro da ke kiran wata lamba da kanta, su ma suna iya yin kira ɗaruruwa in sun rikice. A kiran ƙasashen waje kuma, Saudiyya ko Najeriya ko Nijar, akwai maguɗin da wasu dillalan hanya na tsakiya ke yi, su nuna an ɗauka alhali waya tana ringi ne kawai. A bil za ka ga jerin gajerun kira zuwa lamba ɗaya, an caje duka, ba a yi magana ko sau ɗaya ba.

Mafi muni shi ne abin da ke samun ofisoshi masu na'urar raba layi, wadda ma'aikata ke kira PABX: asibitoci, makarantu, otal, kamfanonin tafiye-tafiye. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar kuwa ita ce lambar sirrin da na'urar ta zo da ita daga masana'anta, 0000 ko 1234, wadda mai haɗawa bai canza ba. 'Yan damfara na laluben irin waɗannan na'urori ta intanet, su shiga, su riƙa kiran lambobin ƙasashen waje masu tsadar gaske waɗanda suke da kaso a cikin kuɗinsu. Ƙarshen mako suke jira, ko hutun Sallah. Daga ƙarfe 6 na yammacin Juma'a zuwa 6 na safiyar Litinin awa 60 ne. Layi huɗu a buɗe sun ba da minti 14,400 na kiran waje. Kamfani zai ce daga na'urarka kiran ya fito, kuma ta fuskar fasaha bai yi ƙarya ba. Maganinsa mai arha ne: a canza duk lambobin sirri har na akwatin saƙon murya, a rufe hanyar shiga na'urar daga waje in ba a buƙata, a rubuta wa kamfani ya toshe kiran ƙasashen waje ko ya bar ƙasashen da ake hulɗa da su kawai, a kuma nemi iyakar kuɗin da in an kai za a dakatar da layi. In ta riga ta faru, a cire na'urar daga intanet amma kada a goge bayananta, a sanar da Hukumar Tsaron Intanet ta lamba 292.

Masu barin layin jan ƙarfe su koma faiba, wato sabuwar wayar da ke kai saƙo da haske, abu biyu. Tarhon yanzu a jikin 'yar na'urar da ke bango yake, ita kuwa wutar gida take ci, da an ɗauke wuta tarho ya mutu. Asibiti ko gidan da ke da mara lafiya su tanadi ɗan batirin ajiya mai bolt 12. Jar fitila mai rubutun LOS in ta kama, faiba ce ta yanke a waje, kashewa da kunnawa ba za su yi komai ba. Na biyu, a tabbatar a rubuce cewa an rufe tsohon asusun jan ƙarfe ranar da sabon ya fara, in ba haka ba asusu biyu za su riƙa tafiya kafaɗa da kafaɗa.

Wannan ya kawo mu kan abin da ya fi cin mutanenmu a zango, wato barin layi ba sallama. Mutum ya tashi daga shago, ya naɗe tarho ya sa a kwali, a ganinsa an rabu. Haya kuwa tana ta taruwa da sunansa har ranar da kamfani ya ga damar yankewa. Ko ɗan haya ya yi amfani da layin da ke da sunan mai gida, ya tashi ya bar masa. Ko a sayar da shago da kayansa, sabon mai shi ya ci gaba da kira da sunan tsohon. Kamfani sunan da ke kan fom ya sani. Rufe layi yana da tsari: wasiƙa kwafi biyu, a buga hatimi da kwanan wata a kan wadda za ka riƙe, a mayar da na'urar kamfani a karɓi rasit mai lambar jikinta, a nemi bil na ƙarshe, in an ajiye kuɗin jingina a farko a tambaye shi, sannan a karɓi takardar cewa ba a binka komai. Ba ƙaramin abu ba ne, domin Babban Bankin Gana ya faɗaɗa tsarin tattara bayanan masu bashi har ya haɗa da kamfanonin sadarwa. Tsohon bil na iya tare wa mutum hanya ranar da ya je neman rance.

Layukan da ke da sunan mamata kuwa, malamanmu masu rabon gado su taimaka su riƙa tambaya. Bashi hanji ne, kuma kowa ya san ana fitar da shi kafin a raba. A je da takardar shaidar rasuwa, a nemi cikakken lissafi, a biya na gaskiya daga dukiyar mamaci, sannan a rufe layin ko a mayar da shi sunan magajin da zai riƙe shagon. Ga masu fama da bashin da aka tono bayan shekaru, dokar wa'adin shigar da ƙara ta 1972 ta ba da shekara 6 ga bashin yarjejeniya irin wannan. Sai dai a kula: sa hannu a takardar amincewa da bashin, ko biyan wani ɓangare nasa, yana iya sa ƙirgan ya koma farko. Ba muna cewa a ci haƙƙin kowa ba ne, abin da aka ci a biya. Muna cewa kada a sa hannu a kan adadin da ba a ga bayaninsa ba, a fara ganin lauya.

Wajen biya ma ana tuntuɓe. Lambar asusu daban take da lambar tarho. Mai biya ta hanyar tura kuɗi da wayar hannu in ya kuskure lamba ɗaya, kuɗinsa ya tafi asusun wani ko ya maƙale a wurin jiran tantancewa, a yanke masa layi, a kuma nemi kuɗin sake jonawa. Saƙon nan mai lambar cinikin shi ne rasit, kada a goge shi.

Ina ake kai kuka? Ba PURC ba, ita wuta da ruwa take kula da su, mutane da yawa na ɓata sawu a can. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCA, ita ce mai alhakin. An kafa ta a 1996, aka sabunta dokarta a 2008, shekarar da aka yi dokar sadarwa mai lamba 775. Hedikwatarta na unguwar Airport City a Akra, tana kuma da ofishi a nan Kumasi. Ƙa'idarta ita ce a fara da kamfani, in ba a gamsu ba a zo mata. To a je da kaya a hannu: kwafin bil, lambar ƙorafi, wasiƙa mai hatimi, da lissafin abin da ake musu a kai, kira kaza ranar kaza, sidi kaza. Wanda ya rubuta cewa bil ya yi yawa kawai, ya sauƙaƙa wa mai ƙin amsawa. Shawararmu a biya ɓangaren da ba a musu a kansa, a faɗa a wasiƙa cewa an riƙe sauran har a warware. A nemi jerin kira dalla-dalla, mai lamba da lokaci da tsawon kowane kira. Dokar kare bayanan mutum ta 2012 ta ba kowa damar neman bayanan da wani kamfani ke riƙe da su a kansa. Wanda hukuncin NCA bai yi masa ba, akwai kotun musamman ta harkokin sadarwa da ke sauraren ɗaukaka ƙara.

Ga NCA kanta muna da magana, Malam Edita, cikin girmamawa. Dokar 775 ta bar farashi a hannun kasuwa, amma ta ba hukumar ikon sa baki inda mai ba da aikin ɗaya ne ko ya mamaye kasuwa. Hukumar ta nuna ta san wannan iko a 2020, lokacin da ta ayyana MTN a matsayin mai rinjaye. Mai wayar hannu tun 2011 yana iya ɗaukar lambarsa ya koma wani kamfani in an ɓata masa rai. Mai layin jan ƙarfe a Asawase, da lambar da ya buga a rasit da allo shekara 20, ina zai je? Inda ba a iya ƙaura, ba kasuwa ce ke tsare mai saye ba, sai hukuma.

Abin da muke nema ba ya buƙatar sabuwar doka daga majalisa, sharuɗɗan lasisi da umarnin hukuma sun isa. Babba a ciki shi ne ragin haya ya zama na kai tsaye. Kamfani ya san ranar da kebul ɗin unguwa ya yanke, na'urorinsa sun nuna masa kafin kowa ya kira, ya kuma san layukan da ke kansa ɗaya bayan ɗaya. Me ya sa sai kowane mai layi ya bar shagonsa ya je ya bi layi yana roƙon a rage masa? A wajabta cewa layin da ya wuce wasu kwanaki ƙayyadaddu a mace, bil na gaba ya zo da ragin a jikinsa. Jerin kira dalla-dalla ya zama kyauta ga duk mai musu, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kada a yanke layi a kan adadin da ake cikin musu a kai matuƙar mai shi na biyan sauran. Layin da ya yi wata uku ba kira ba biya, a tuntuɓi mai shi a dakatar da haya, maimakon a bar ta tana taruwa. Kiran waje ya zo a toshe sai mai layi ya nema a buɗe, kuma in aka ga kiran ofis ya yi tsalle ninki goma a dare ɗaya, a aika saƙo nan take, tunda bankuna na yin haka a kan katin kuɗi.

Sannan farashi, da harajinsa a ciki, da bayanin ko da daƙiƙa ake ƙirga, a manna shi a kowane ofishin kamfani. Bayanin yadda ake kai ƙorafi kuma hukumar ta kai shi gidajen rediyon da 'yan zango ke saurare, da Hausa da Tuwi. Da yawa daga cikin masu waɗannan layuka dattawa ne da suka ja su tun zamanin da ake bin layi a shagunan buga waya, kuma bil ɗin da Ingilishi yake zuwa.

Mun gode da fili. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Wassalam,
Wasu masu aikin layukan tarho da lissafin kuɗi,
Asawase, Kumasi.